Gem ɗin da Baaba ya kawo daga Legas

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ya same ni jiya, har yanzu bai sake ni ba. Kun san makon da ya wuce aka yi sadakar arba'in ɗin Baaba. To jiya ni da ƙanena muka shiga ɗakinsa don mu fitar da kaya a raba wa mabuƙata. A ƙarƙashin gado akwai tsohon akwatin ƙarfen da yake tafiya da shi Legas zamanin yana fataucin goro. Muka buɗe. Tsofaffin rasidai, fasfonsa na da, carbi biyu, sai can ƙasa wani abu a naɗe cikin zanen Mma. Ina warwarewa sai ga gem ɗinmu, injin wasan nan da ake haɗawa da tibi. Fari da ja, hannu biyu na dannawa, bindigar wasan tana nan, da kaset uku masu launin rawaya. Adafta ce kawai babu.

Ni duk zatona an jefar da shi tun da muka tashi daga gidan haya. Ashe sama da shekara 25 bawan Allahn nan yana ajiye da shi. Kuma shi ne wanda ya fi kowa yi mana faɗa a kansa. Na zauna a bakin gado na rasa abin faɗa.

A 1994 ya kawo mana shi, ana saura kwana kaɗan ƙaramar Salla. Ya ce a kasuwar Alaba ya saya bayan ya sayar da goronsa a Agege. Gidanmu ɗaki goma sha huɗu ne, tibi biyu ne kacal a duk gidan, namu da na wani direba. Daga ranar nan barandarmu ba ta sake zama tamu ba.

Tambayata biyu. Ko akwai wanda zai iya tayar da shi a Kumasin nan? Kuma waye ya taso da irin wannan, ya tuna mini abin da na manta?

Hajiya Sawaba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa Aljanna ce makoma. Ɗana, kada ka ba kowa abin nan. Ko bai tashi ba ka ajiye.

Ɗan Yalwa a Jamus:
Allah ya gafarta wa Baaba. Ɗan uwa, ɗan duba mini hannuwan. Ana zare su daga jikin injin, ko wayarsu a haɗe take ba ta fita?

Ɗan Aboabo:
Ana zarewa. Suna da baki mai ƙananan ramuka, ana sokawa a gefe.

Ɗan Yalwa a Jamus:
To kada ranka ya ɓaci, amma wannan ba Nintendo ba ne, kwaikwayo ne. Ainihin Famicom wanda kamfanin ya fitar a Japan a watan Yuli na 1983, hannuwansa a haɗe suke da injin, kuma hannu na biyu yana da ɗan makirfo a jikinsa. Wanda aka kai Amurka a 1985 ma siffarsa daban ce, akwati ne ruwan toka, ana tura kaset ta gaba. Abin da ya cika kasuwanninmu daga Taiwan da Hong Kong da China ya fito. Kaset ɗin da ke cewa wasa 9999999 a cikin ɗaya, ai kowa ya san ƙarya ce, wasa goma ne ko ashirin ake ta maimaitawa da sabon suna. Ni na girma kafin na gane haka, kuma ya yi mini ciwo. Na ji kamar an yaudari iyayenmu da kuɗin guminsu. Shi ya sa da na samu hali a nan na nemi na asali na saya.

Ɗan Aboabo:
Na ji, kuma ban musa ba. Amma Mario ɗin da ke ciki shi ne Mario, tsallen ɗaya ne, ramin ɗaya ne. Baaba bai san wani Nintendo ba. Ya ga yara sun taru a wani shago a Alaba suna kallon abu, ya tuna da nasa yaran, ya cire daga ribar goro ya saya. Ban ga inda aka yaudare shi ba.

Kawu Mai Rediyo, Alabar:
Ku dakata in sa baki, don wannan sana'ata ce tun kafin a haifi wasunku. Ɗan Yalwa, bayaninka daidai ne, amma hukuncin da ka yanke ne ban yarda da shi ba. Da Alhaji ya sayo na asalin daga Japan, da bai amfane su da komai ba. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230 zuwa 240. Tsarin hoton tibinsu daban da namu, su NTSC, mu PAL. Za ka soka ko dai ya ƙone, ko hoto ya zo ba launi yana rawa, ko sauti ya ƙi fita. Waɗannan na kwaikwayon kuwa an yi su ne daidai da wutarmu da tibinmu da aljihunmu. Ba mu kaɗai ba ne, Rasha ma da irinsu suka taso, can ana kiran nasu Dendy. Kamfanin asalin bai zo ya buɗe shago a Adum ba balle a ce mun ƙi saye.

Yanzu maganar gyara. Ɗan Aboabo, ka ji ni da kyau. Kada ka ɗauki kowace adafta da ka gani ta shiga ramin ka soka. Yawancin waɗannan bolt 9 ko 10 suke sha, kuma tsakiyar bakin shi ne mara, wato akasin adaftocin da suka cika gari yanzu. Ka soka ta juye, cikin daƙiƙa ɗaya ka kashe shi. A ciki akwai ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, 7805, shi ke sauke wutar zuwa bolt 5. Shi da kafasito su ne suka fi mutuwa, kuma dukkansu ana samu a nan da kuɗi kaɗan. Abin da nake addu'a shi ne kada ƙwaƙwalwar ce ta tafi. A na farko-farko ƙwaƙwalwa ce mai ƙafafu, ana iya cirewa a sa wata. A na baya kuwa ɗigo ne baƙi kamar kwalta a kan allon, in ya mutu sai haƙuri.

Kawo mini shi ranar Laraba bayan azahar. Na san mahaifinka, rediyonsa mai neman Kaduna da BBC a hannuna yake gyaruwa. Ba zan karɓi ko pesewa ba.

Ɗan Aboabo:
Kawu, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. In sha Allahu ina nan tafe.

Auta Asokore:
Yayyena ku yi haƙuri, ni 2004 aka haife ni. Mene ne kaset ɗin gem? Kuma yaya ake sebin, wato ajiye inda aka tsaya, in mutum ya gaji?

Ɗan Nima:
Auta, babu sebin. In ka fara sai ka gama ko ka mutu ko a ɗauke wuta. Kaset kuwa ɗan akwatin roba ne kamar tafin hannu, wasan yana cikinsa, ana danna shi ta saman injin. In hoto ya zo a hargitse sai a zare, a hura masa iska da baki, a goga a riga, a mayar. Kowane yaro yana da nasa salon hurawa, har akwai wanda ake kira musamman don an ce bakinsa yana da sa'a.

Mu a Nima labarinmu da Sega ne. Kawuna yana Bronx, a 1995 ya aiko mana da Sega Genesis a cikin ganga tare da takalma da sabulai. Ba wanda ya karanta abin da ke jikin adaftar. Yayana ya soka a bango, muka ji ɗan ƙara, sai wari da hayaƙi. Wutar Amurka 110 ce. Ni a ranar kuka na yi har na kasa cin tuwo. Sai bayan wata biyu aka samo wata adaftar a Circle cikin Accra, Allah ya taimaka injin bai mutu ba. Ranar da muka kunna Sonic muryar nan ta kira sunan Sega da ƙarfi, yaran layinmu suka yi ihu kamar kulob ɗin Hearts of Oak sun ci ƙwallo.

Kuma ku 'yan Kumasi ku yarda, Sega ya fi. Bit 16 ne, naku 8. Ina za a haɗa Mortal Kombat da harbin agwagwa? Har yau ina riƙe da sirrin fito da jini: A, B, A, C, A, B, B.

Ɗan Aboabo:
Ƙarfi kam Sega ya fi, ba gardama. Amma a Sega ɗinku faɗa kuke yi da juna, wanda aka doke ya miƙa hannu ya koma baya yana hararar wanda ya doke shi. Mu abin da ya fi riƙe mu shi ne wasan tankoki, Battle City, wanda a kaset ɗinmu aka rubuta Tank 1990. Mutum biyu ne a gefe ɗaya, suna gadin mikiya a ƙasan allo. Ɗaya ya tsare dama, ɗaya hagu. In ka bar wurinka don kwaɗayin tauraro, abokan gaba su fasa bulo su harbe mikiyar, kowa ya mutu. Akwai wani yaro ɗan Frafra a gidanmu, Hausarsa ba ta nuna ba lokacin, ni kuma ba na jin yarensu, amma in muka zauna a kan tankokin nan ba mai raba mu. Mun wuce mataki ashirin ba tare da mun yi wata magana mai tsawo ba. Yanzu yana aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai, har gobe in mun haɗu sai ya tambaye ni wa ke gadin mikiya.

Haka Contra. Sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, sai rai 30. Amma in naka ya ƙare kana iya satar na abokinka, kuma a nan ne ake gane halin mutum.

Ustaz Asawase:
Salamu alaikum. Allah ya jiƙan mahaifinmu. Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ba na son in ɓata muku daɗin tunawa, amma akwai ɓangaren da ba a faɗa ba, ni kuma na gan shi da idona, don ni ma a cikinsa na taso kafin in zama mai koyarwa.

Gida nawa ne suke da gem a lokacin? Ƙalilan. Sauranmu shagon gem muke zuwa, wani ɗan kiyos na katako mai labule, tibi biyu, benci ɗaya. Kuɗin da ake biya daga ina yake fitowa? Daga kuɗin koko da ƙosai na safe, daga kuɗin Laraba da aka ba yaro ya kai wa malam, daga canjin uwa mai sayar da waakye. Na san yaron da allonsa ya yi wata uku a kan sura ɗaya saboda shagon nan. Asabar da Lahadi an tura shi makaranta, sai ya ɓoye allon a bayan kiyos. Da PlayStation ya shigo da wasan ƙwallo, sai manya suka karɓe wurin, aka fara ajiye kuɗi a ƙasa, wanda ya ci ya kwashe. Yau ku dubi samarinmu da cacar ƙwallo a waya. Ni a ganina hanyar daga wancan kiyos ɗin ta faro. Saboda haka in ana yabon abin nan, a riƙa tunawa da waɗanda ya ci.

Ɗan Nima:
Ustaz, da girmamawa, caca ta riga gem zuwa Zango. Kafin mu san Sega ana yin karta da ludo na kuɗi, ana yanka loto a kowane lungu. Wanda zai yi caca ko da ƙwallon roba ne zai yi.

Ustaz Asawase:
Gaskiya ne ta riga shi. Amma karta ba ta kiran yaro ɗan shekara takwas. Wannan kuwa da kiɗa da launi yake kiransa. Ban ce haramun ne ba, ban kuma ce kowa ya lalace ba. Cewa nake yi akwai bambanci tsakanin abin da ke gaban idon uba da abin da ke bayan labule.

Ɗan Aboabo:
Ustaz, a nan na yarda da ku ɗari bisa ɗari, kuma kun tuna mini abin da na manta. Baaba ba ya ɓoye injin, adaftar yake ɗaukewa. In zai fita sai ya zare ta ya jefa a aljihun jallabiya, da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa kasuwa. In ya dawo bayan la'asar sai ya zauna a kujerarsa ya ce a kawo allo. Wanda ya biya karatunsa ba gargada shi ne zai fara riƙe hannu. Ba mu kaɗai ba, har yaran maƙwabta. Akwai waɗanda a barandarmu suka haddace daga Sabbi zuwa ƙasa saboda Mario. Yaran da ba Musulmi ba kuwa littafin sukul yake cewa su kawo, ko da shi ba ya karanta Turanci sosai, sai ya sa Yaya ta duba.

Ƙarfe bakwai kuma dole a zare, a mayar da wayar eriya, don zai kalli labarai. Lokacin tasha ɗaya ce, GBC, sai a 1997 TV3 da Metro suka zo. Ko kana bakin gidan dodo na ƙarshe ne, bakwai ta yi an gama.

Maman Zainabu:
To tunda an ambace ni bari in shigo. Ni ce Yayar da ake faɗa. Ƙanena, ka ba da labarin da kyau, amma ta gefen maza ka ba da shi.

Mu mata ba a ba mu hannu. Ba Baaba ne ya hana ba, ku ne. In na zo sai a ce wannan ba wasan mata ba ne, ko a ce Mma tana kira, kuma da gaske tana kira, don wanke-wanke da tallan fura ba sa jira. In an tausaya mini sai a miƙo mini ɗaya daga cikin hannuwan gem ɗin lokacin harbin agwagwa, wai in riƙe in ji daɗi, a zatonku ba ya aiki. Rannan ina dannawa sai na lura agwagwar tana bin inda na danna. In na yi hagu ta yi hagu. Ban gaya wa kowa ba. Sati guda kuna harbi kuna kuskure, karen nan yana fitowa daga ciyawa yana muku dariya, kuna cewa bindiga ta lalace. Ni ce.

Abin da ba ka sani ba kuma shi ne wannan. In Baaba ya dawo daga isha'i kun yi barci, wani lokaci sai ya ciro adaftar ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba. In rage sautin tibi har ƙasa in zauna ni kaɗai. Shi yana kan buzu yana lazimi, amma ina ganin idonsa yana zuwa kan allon. A haka na gano hanyar da ke saman bulo a mataki na 1-2 na Mario, inda ake bi a tsallake zuwa duniya ta 4, da kurangar da ke 4-2 mai kai mutum ta 8. A haka na gano in rai ya ƙare ka riƙe A ka danna Start, za ka ci gaba daga duniyar da ka mutu, ba daga farko ba. Ku kuna ta fama da ta 5 kuna taƙama.

Gidan ƙarshe, 8-4, shi ya ba ni wuya, don in ba ka bi bututun da ya dace ba sai ya yi ta mayar da kai wuri ɗaya. Na kai wata biyu a kansa. Daren da na wuce dodon na taɓa gatarin, gada ta rushe, na ceto gimbiyar da Mario yake nema, na juya in ga ko Baaba ya gani. Ya gani. Ya ce, "To, kin kai ta gida?" Na ce na kai. Ya ce madalla, je ki kwanta. Ban taɓa ba kowa labarin nan ba sai yau, ina rubutawa ina share hawaye.

Ɗan Aboabo:
Yaya, wallahi ban sani ba. Shekara 30 ina ɗauka ba wanda ya taɓa gama Mario a gidanmu. Ki yafe mana hana ki da muka yi.

Hajiya Sawaba:
Allahu akbar. Haka Alhaji yake, ba ya yawan magana. 'Yata, Allah ya yi miki albarka.

Ɗan Yalwa a Jamus:
Yaya Maman Zainabu, maganar agwagwa gaskiya ce, haka aka tsara wasan, in agwagwa ɗaya ce a allo mai riƙe da hannu yana iya juya ta. Mutane da yawa ba su sani ba har suka girma. Kuma na janye kalmar yaudara da na yi amfani da ita. Nawa na asalin yana nan a kan kanta cikin kwalinsa, ban kunna shi ya kai sau biyar ba, don ba wanda zan yi da shi. Yarana an haife su a nan, in na nuna musu sai su kalla minti biyu su koma kan wayarsu.

Amma ina nan a kan bakana game da kaset mai 9999999. Wannan kam ƙarya aka rubuta.

Kawu Mai Rediyo, Alabar:
Wannan ba mai musa maka. Tunda ana maganar kaset, Ɗan Nima, hurawar nan da kuke yi ba ita ke gyarawa ba. Zarewa da mayarwa shi ke sa haƙoran su zauna daidai. Iskar baki tana da danshi, ita ke sa haƙoran tagullar su yi tsatsa su koma kore. Kaset nawa aka kawo mini da yawu ya cinye. Auduga da ɗan sipirit shi ne magani. Haka zancen da iyaye ke yi wai gem yana kashe tibi. Abin da na fi gani shi ne bakin eriya da ya saki saboda yawan zarewa da sokawa, da maɓallin neman tasha da yara suka murɗe.

Abin da ya kashe injina da yawa a garin nan wuta ce. Ku tuna 1998, da ruwan Akosombo ya ja baya aka shiga rabon wuta. Tun ba a fara kiran abin dumsor a ko'ina ba mun sha shi. In za a dawo da ita sai ta zo da ƙarfi, duk abin da aka bari a soke ya tafi. A shekarar nan adafta da na jefar ba ta ƙirguwa.

Maman Zainabu:
Kawu, kun faɗi daidai, a shekarar ce. Ana cikin kallon gasar ƙwallon duniya ta Faransa. An bar ta a bango aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita cikin dare sai wari ya tashe mu. Baaba ya je Kejetia ya sayo wata, aka soka bai tashi ba. Ya sake sayo wata, shiru. Daga nan ya naɗe shi ya ce sai ya koma Legas. Bai sake komawa ba, don a shekarar ciwon ƙafarsa ya fara, ya bar tafiya.

Kawu Mai Rediyo, Alabar:
To wannan bayanin ya taimake ni. In adaftocin da ya sayo masu juyayyen baki ne, mai yiwuwa 7805 ɗin ne ya ɗauki dukan ya tsare sauran. Sai na buɗe dai.

Auta Asokore:
Ni abin da ya ba ni mamaki, duk gida ɗaki goma sha huɗu da hannu biyu kacal? Yaya ake yi layi ya zo kan mutum?

Ɗan Aboabo:
Rai ɗaya ɗaya ne, Auta. Ka mutu ka miƙa. In ka faɗa ramin farko to naka ya ƙare sai an zagayo, wani lokacin sai gobe. Shi ya sa kallo ma karatu ne, kana tsaye a baya kana haddace inda wancan ya mutu don kada ka maimaita. Yara goma sha biyar suna ihu wa mutum ɗaya, yi tsalle, yi tsalle. In ƙaramin yaro ya zo wurin da ya fi ƙarfinsa sai ya miƙa wa babba ya tsallakar da shi ya mayar masa. Akwai masu jikinsu duka ke tsalle tare da Mario, har su fizgo wayar injin ya faɗo daga kan tebur, hoto ya daskare. Wanda ya yi haka kwana biyu ba ya riƙe hannu, wannan dokar mu muka kafa ta da kanmu.

Ustaz Asawase:
Dabarar adafta a aljihu ta zauna mini a rai. Yanzu kowane yaro da tasa wayar a ƙarƙashin matashi, ban san me uba zai zare ya sa a aljihu ba. Zan kawo maganar a taron iyayen yara na makarantarmu, in ji abin da za su ce.

Ɗan Aboabo:
Jama'a, na dawo daga Alabar yanzun nan. Ya tashi! Kawu ya buɗe, ya ce Alhamdu lillahi mai ƙafafu ce ba ɗigon kwalta ba. Ya canja ɗan ƙarfen nan da kafasito biyu, ya goge kaset da sipirit, ya haɗa da wata ƙaramar tibi mai ƙeya da ke shagonsa. Yana murɗa maɓalli sai ga jerin wasannin ya fito daga cikin yayyafi. Na zaɓi Mario. Da kiɗan ya tashi, wani mai sayar da tayar keke a shagon gaba, da furfurarsa, ya bar masu ciniki ya zo ya tsaya a bayana. Hannu na ɗaya maɓallin B ya ɗan yi tauri, na biyu lafiya lau.

Matsala ɗaya. Na kawo gida na haɗa da tibinmu na bango, Mario da tankoki suna yi, amma bindiga ko sau ɗaya ba ta samu agwagwa ba.

Kawu Mai Rediyo, Alabar:
Na manta ban gaya maka ba. Bindigar ba ta harba komai, ido ne a cikinta mai ganin haske. In ka ja kunamar, allon yana yin baƙi na ƙiftawar ido, sai farin murabba'i ya fito a inda agwagwar take. In bakin bindigar yana kallon farin nan, ka samu. Tibin yanzu yana jinkiri kafin ya nuna hoto, kafin farin ya fito bindigar ta riga ta gama dubawa. Sai tibi mai ƙeya. Tawa ta aiki ce, da na ba ka. Ka leƙa wajen masu kayan gwangwan a Akwatia Line, amma ka sa a kunna maka kafin ka biya.

Hajiya Sawaba:
Ba sai ka je ko'ina ba. Akwai ɗaya inci goma sha huɗu a ɗakin ajiyata, tun ta aurena na biyu, an rufe ta da leda. Ka turo yaro da keke mai ƙafa uku ya ɗauka.

Ɗan Aboabo:
Hajiya, Allah ya biya ku da Aljanna. Gobe da safe zan zo da kaina in gaishe ku.

Yaya, Asabar bayan la'asar ki zo da su Zainabu. Na gaya wa nawa yaran kowa ya zo da allonsa. Na kira mutumina na Magazine ma ya ce zai rufe gareji da wuri. Ustaz, in kuna da sarari ku zo ku karɓi karatun.

Ustaz Asawase:
In sha Allahu zan zo, amma sai an idar da salla a masallacinmu, ku ba ni minti ashirin.

Maman Zainabu:
Za mu zo. Zan taho da fura. Ka gyara maɓallin B ɗin nan kafin Asabar, don ba a wuce babban ramin 8-1 sai da gudu, kuma hannu na ɗaya nawa ne.